Lilon Malam Lawwali

Shekara talatin ba kaɗan na yi ina koyar da fiziks kafin in ajiye alli. Sunayen ɗalibai da yawa sun ɓace mini, har fuskokin wasu shugabannin da na yi aiki ƙarƙashinsu sun dushe, amma akwai wata Talata guda da ta ƙi barin kaina. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kuna yawan tambayata ko na taɓa jin tsoro a aji. Na taɓa ji. Kuma ba sufeton makarantu ne ya ba ni tsoron ba, wani dunƙulen ƙarfe ne da bai fi ƙwan kaza ba, rataye a jikin zare.

A lokacin ina mataki na tara a aikin gwamnati, ina koyarwa a Bakura. An dawo daga dogon hutu da mako biyu sai takarda ta same ni daga ofishin shiyya, an mayar da ni wata makarantar 'yan mata ta jeka-ka-dawo a gefen Talata Mafara, kan hanyar Morai. Malamin fiziks ɗinsu, Malam Lawwali, ya je hutu garinsu Tsibiri, zazzaɓi ya kwantar da shi kwana huɗu, Allah ya karɓi abinsa. Can aka yi masa sutura. Sau ɗaya na taɓa ganinsa a wani taron malamai, abin da na riƙe kawai shi ne siriri ne, mai yawan shiru.

Ga wanda bai san tsarin ba, idan malami ya bar makaranta da ransa yakan rubuta takardar miƙa aiki: inda ya tsaya a darasi, kayan da ke hannunsa, da abin da ya rage. Idan kuwa mutuwa ce, shugaba ke tattara abin da ya samu ya ba wanda ya gaje shi. Shugabar makarantar, Hajiya Luba, ta miƙo mini makulli ɗaya, da rajistar ɗalibai, da littafin tsara darasi wanda rubutunsa ya tsaya a tsakiyar shafi. Na sa hannu. Har na miƙe sai ta ce in koma in zauna.

"Malam Mu'azu, ɗakin gwajin ga akwai magana gare shi," in ji ta. "Yara sun ce abin da marigayi yar rataya ciki shina motsi shi kaɗai, ɗaki rufe."

Na yi dariya. A wancan zamanin ina da saurin dariya, ina ganin duk abin da ke duniya na karanta shi a littafi. Ita ba ta yi ba. Ta bayyana mini cewa 'yan ajin ƙarshe na kimiyya su goma sha huɗu ne, kuma iyayen biyar sun riga sun aiko cewa 'ya'yansu ba za su sake taka ɗakin ba. Ranar Juma'a ta mako na uku da zuwana za a tura sunaye da darussan kowace ɗaliba don babbar jarrabawa. Fiziks ba ya yiwuwa sai da gwaji na hannu, gwajin kuma sai a ɗakin. Yarinyar da sunanta bai shiga layin kimiyya ranar ba, ta yi sallama da karatun jinya ko likita. Hajiya ta ce idan maganar ba ta mutu ba kafin Juma'ar, za ta garƙame ɗakin ta mayar da su duka ajin adabi, don ba za ta zauna iyaye su kwashe mata yara daga makaranta gaba ɗaya ba.

Ɗakin gwajin shi ne gini na ƙarshe. Tagoginsa duk ta gaba suke, bangon bayansa kuwa shi ne iyakar makarantar, bayansa gonar dawa ce ta wasu mutane. Ƙarƙashin rufin akwai wani tsohon bututun ruwa da ya ratsa daga bango zuwa bango, wanda tun da aka sa shi ruwa bai taɓa bi ta ciki ba. A jikinsa Malam Lawwali ya ɗaura zare, ya rataya dunƙulen ƙarfen. Mu a aji lilo muke ce masa, da shi ake koya wa yara auna lokacin kai da komo. Na duba zaren na ga ƙulli bisa ƙulli, sun kai bakwai. Na ce a raina, Allah ya jiƙan marigayi, amma aikinsa ba tsabta.

Darasina na farko na ɗauko shi da gangan. Na rubuta dokar motsi ta farko a allo da manyan baƙaƙe: abin da ke tsaye zai ci gaba da tsayuwa, abin da ke tafiya zai ci gaba da tafiyarsa, har sai wani ƙarfi daga waje ya taɓa shi. Na kawo misalin buhun gero da ke bayan amalanke, wanda in shanu suka tsaya kwatsam sai ya zame gaba. Na kawo na dutsen da zai shekara a bakin hanya in ba a shure shi ba. Na juyo ina jin daɗin kaina. Wata yarinya a layin gaba, Shafa'atu, wadda rajista ta nuna ita ke zuwa ta ɗaya, ta ɗaga hannu.

"Malam, to mi ke taɓa lilon Malam Lawwali?"

Ba rashin kunya a muryarta, tambaya take tsakani da Allah. Na ce mata wani ne ke shiga, ko kuma iskar taga ce, kuma kafin mako ya zagayo zan kamo mai yi da kunne. Ta ce ran Talata kawai yake yi, da an kaɗa ƙararrawar hutun kalaci.

Ran Litinin bayan an tashi na shirya tarkona. Na rufe tagogi, na toshe duk wata kafa da tsumma. Na tsayar da lilon da hannuna har ya daina ko rawa. Na barbaɗa toka a ƙasa tun daga ƙarƙashinsa har bakin ƙofa, ina ja da baya. Na canja kwado, na sa makullin a aljihuna, na kwana da shi.

Washegari da hantsi aka kaɗa ƙararrawa. Na tsaya a taga, Hajiya Luba na gefena, yara sun yi cirko-cirko can nesa ƙarƙashin darbejiya. Rana tar, ana jiyo hayaniyar motocin 'yan kasuwa daga titi. Da farko ba komai, har na fara shirya kalaman da zan yi wa Hajiya. Sai na ga inuwar dunƙulen a kan toka ta ɗan gusa. Na ce idona ne. Ta koma, ta sake gusawa. Ba fizga aka yi ba, a hankali abin ya fara, faɗin yatsa, faɗin tafi, har ya kai kamu guda kowane gefe, yana kai da komo cikin natsuwa a ɗakin da ba kowa. Tokar tana nan lumui, ko sawun ƙadangare babu. Ya yi wajen minti goma sha biyar, sannan ya fara raguwa har ya tsaya.

Hajiya ta juya ta koma ofis tana salati ƙasa-ƙasa. Ni kuwa na tsorata, ba zan ɓoye muku ba. Na duba aljihuna na taɓa makullin sau uku.

Ran Laraba mahaifin Shafa'atu, Malam Ummaru, manomin shinkafa daga Morai, ya zo da kansa. Muka gaisa doguwar gaisuwa, gida da gona da ruwan bana, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Malam, ba raina ilminku nike ba. Amma ɗiyata ba ta koma shiga ɗakin ga. Wanda yar riga mu gidan gaskiya a bar mai kayanai. Ku sa ta wani aji."

Shafa'atu tana tsaye bayan ƙofa, kanta a ƙasa, hawaye na ɗiga kan hijabinta. Na roƙe shi ya ba ni zuwa Alhamis ta sama. Ya ce ya ba ni, don girman karatu, ba don yana tsammanin komai ba.

Hajiya ta ba da shawarar in tsinke zaren in jefar da ƙarfen a huta. Na ƙi. Na ce mata in na cire shi yara za su ce na ɓoye ne don na rasa amsa, kuma gaskiyarsu ke nan. Akwai kuma girman kai a ciki, wannan ma gaskiya ne. Limamin unguwa ya zo ya yi addu'a a bakin ɗakin, ya yi wa marigayi, ya yi mana, na shafa tare da kowa da zuciya ɗaya. Makon nan na bincike rufi, na duba ko ɓera ne, na tambaya ko akwai injin niƙa kusa. Na ɗauko maganaɗisu na zagaya ɗakin da shi kamar mai neman allura. Ban samu komai ba. Abu ɗaya ne ban yi ba, ban zagaya bayan ginin ba, don dawa ta fi ni tsawo, kuma a ganina abin da ke cikin ɗaki a cikin ɗaki ake nemansa.

Talata ta biyu ita ce damata ta ƙarshe. Na ce a kulle ni ciki. Maigadi ya dube ni kamar mai yi mini bankwana, ya datse kwadon ta waje. Na zauna kan kujerar Malam Lawwali, lilon na gabana tsaye cak. Ɗakin ya yi tsit, sai warin tsohon alli da zafi. Aka kaɗa ƙararrawa.

Ya fara, daidai yadda ya yi wancan makon. Na miƙe, na kama dunƙulen na tsayar da shi, na sake shi a hankali. Na ƙirga numfashi biyar. Ya sake farawa. A nan bakina ya kama Ayatul Kursiyyu ba tare da na umarce shi ba. Na karanta har ƙarshe, kuma karatun ne ya dawo mini da hankalina, har na iya yi wa kaina tambayar da nake yi wa yara kullum: mene ne ke taɓa abin nan? Ƙarfen ba ya taɓa komai sai zare. Zaren ba ya taɓa komai sai bututu.

Na hau tebur na ɗora tafina a kan bututun. Yana motsi. Ido ba zai gani ba, bai kai kaurin tsinke ba, amma hannu na ji: ya ɗan ja, ya saki, ya ɗan ja, ya saki, a tsare ba kuskure. Na bi shi da hannu har inda ya shige bangon baya, na tarar simintin da ke riƙe da shi ya zube tuntuni, akwai rata. Kusa da wurin akwai wata mahaɗa da ba a toshe ba, bakinta a buɗe. Na zaro makullin babur ɗina na ƙwanƙwasa bututun, don in ji ko a sake yake.

Motsin ya tsaya nan take. Sai wata murya ta fito daga cikin bututun, tsohuwa, a shaƙe, kamar daga ƙasan rijiya.

"Malam Lawwali? Kai na? Ka dawo?"

Ban san yadda na sauko daga teburin ba, na dai tsinci kaina a ƙasa, gwiwata na jini. Da ƙofar a buɗe take da sai dai a tsinto ni a Bakura. Muryar ta sake magana, wannan karon da fara'a.

"Sannu da zuwa, Malam. In ci gaba, ko ɗiyan sun taho?"

Aljani dai ba ya yi wa mutum sannu da zuwa ya nemi izini. Na buga ƙofa maigadi ya buɗe, na wuce shi, na fita ta babbar ƙofa, na kutsa cikin dawar nan ganye na yankar fuskata, har na ɓulla bayan ɗakin. A inuwar bangon wani tsoho ne zaune kan buzu, makaho, sandarsa jingine, damin rama a gefensa. Bakin bututun ya fito daga bango ya lanƙwaso ƙasa, ya ɗaura igiyar da yake tufkawa a jiki.

Na yi sallama. Ya amsa, ya karkata kai, fara'ar ta ragu.

"Wagga ba muryar Malam Lawwali ba ta."

Sunansa Baba Nomau. Daga wajen Ruwan Gizo yake, tufkar igiya ce sana'arsa. Duk ran kasuwa, wato Talata, mota na sauke shi bakin titi, ya bi gefen gona da sandarsa zuwa inuwar nan, ya ƙarasa tufkar da ta rage kafin ya shiga kasuwa. Mai tufka yana bukatar abin da zai ɗaure bakin igiya, ya murɗa ya ja baya don ta matsu, shi kuwa sandarsa ce ta gano masa bututun shekara biyu da suka wuce. Bai taɓa shiga ta ƙofar makaranta ba, ba wanda ya san da shi sai mutum ɗaya.

Ya ce wata rana Malam Lawwali ya zagayo ya same shi, ya ce jan da yake yi yana girgiza masa wani abu a ciki. Baba ya ba da haƙuri zai kwance, Malam ya ce a'a, ya ƙara ja. Daga nan duk Talata sai ya zo su gaisa, ya koma ciki ya yi magana ta bututu: ja, Baba; tsaya, Baba. Makonni suna haka, Malam yana rage zaren yana ƙullewa, har ranar da ya fito da gudu yana murna, ya ce yanzu zaren ya yi daidai da hannun Baba. Sai a lokacin na gane ƙulle-ƙullen da na raina, kunya ta rufe ni.

Ga abin da marigayi ya shirya. Kowane lilo yana da lokacinsa na kai da komo, tsawon zarensa ne ke yanke shi. In ana ba shi ɗan turi kaɗan daidai wannan lokacin, turin na taruwa bisa turi har motsin ya girma. In lokacin ya saɓa, turin na kashe juna. Hannun Baba Nomau kuwa ba ya saɓawa, don da istigfari yake aiki, kowane ja da nasa. Malam Lawwali ya so ya nuna wa 'yan matan lilo na motsi a ɗaki rufe, ya bar su su nemo dalili da kansu. Suka yi alkawari: in an dawo hutu, duk Talata da an kaɗa ƙararrawa Baba ya ja, har ranar da zai ji an ƙwanƙwasa.

"Talata huɗu ke nan ina ja, ban ji shi ba," in ji shi. "Nac ce ko aiki yay yi mai yawa. Lahiya dai shike?"

Na durƙusa gabansa. A aikin nan na sanar da ɗalibai faɗuwa jarrabawa ba adadi, amma ban taɓa jin nauyin baki irin na ranar ba. Na ce, "Baba, sai haƙuri. Malam Lawwali Allah ya yi masa rasuwa tun cikin hutu, a Tsibiri."

Igiyar ta sulale daga hannunsa. Ya yi salati, hawaye na bin gemunsa. Ya ɗaga hannu ya yi masa addu'a mai tsawo, na amsa. Ya ce ko gaisuwar mutuwa bai samu yi ba, ba wanda ya faɗa masa. Mu kuwa da muka karɓi makullinsa da littafinsa ba mu san akwai wanda za a faɗa wa ba.

Da ya share fuska sai ya laluba ya ɗauki igiyar.

"To ɗiyan hwa? Sun gani?"

Na ce sun gani, Baba, har sun tsorata, ana shirin rufe ajin. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce in je in kira su yanzu, kasuwa ta jira.

Na kawo su, har da waɗanda aka hana, Hajiya Luba na biye tana riƙe da gefen mayafinta cikin dawa. Na raba su biyu, rabi a taga rabi a bayan bango, sannan suka yi musanya. Shafa'atu ta karɓi igiyar ta ja da sauri da duk ƙarfinta, 'yan taga suka ce ko gezau. Baba ya ce, "Ba da ƙarfi ba na, ɗiyata. Biyo ni." Ya riƙe hannunta yana istigfari, tana ja tare da shi, can sai muka ji ihu da tafi daga cikin makaranta. Ban ƙara ko kalma a darasin ba, don ba nawa ba ne.

Ran Alhamis Malam Ummaru ya zo. Na sa shi a taga, 'yarsa ta zagaya ta ja bututun da kanta, ta tsayar, ta sake tayarwa duk lokacin da ya ce. Ya jinjina kai, ya ce a rubuta ta. Ran Juma'a sunaye goma sha biyu muka tura. Biyu iyayensu ba su sauko ba duk da na taka har gidajensu, kuma har yau abin na ci mini rai, don da na zagaya bayan ginin tun makon farko wataƙila da ban rasa su ba.

Baba Nomau bai sake ɗaura igiya a bututun ba. Tun ranar Talatar, da yaran suka watse, ya kwance ta ya naɗe, ya ce alkawari ya cika, wurin kuma ba zai ƙara yi masa daɗin zama ba. Na raka shi har bakin titi, na kira wani ɗan'uwan marigayi a waya, Baba ya yi masa ta'aziyya.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, takardar miƙa aiki ba ta ɗauke da rabin abin da malami ya bari. Kayan gwaji da rajista za a ƙirga muku su, amma mutanen da ya yi hulɗa da su, da alkawuran da ya ɗauka don ɗalibansa, ba mai rubuta su, sai kun tashi kun nema. Kuma kada ku yi saurin raina aikin wanda kuka gada don kun ga bai yi muku kyan gani ba. Ni dai tun daga lokacin, duk makarantar da aka kai ni, kafin in sa hannu in karɓi makulli sai na zagaya bayan gini na yi sallama.